Yadda "Orait" Ta Cinye Mana Rijiya

Jama'a, in kun ga rubutuna na yau ya karkace ku yi mini uzuri, kafaɗata ce ke ciwo. Tun da aka sallame sallar asuba na rataya garwa biyu a sanda na nufi famfon unguwar da ke gaba da tamu. Na tarar layi ya miƙe har ya karya ta bayan masallaci. Na bi. Rana ta fito ta same ni a layi, ta ɗaga ta dake ni a ƙeya, ina nan. Saura mutum biyu a zo kaina sai Mai Girma Mai Tsaron Famfo, wani ƙato mai jar dara da ban taɓa ganin ya yi gumi ba, ya zaro kwaɗo daga aljihu ya datse kan famfon.

Na ce, "Ranka ya daɗe, saura mu fa."

Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Orait." Ya jefa mabuɗi a aljihu ya yi gaba.

Na dawo gida garewanina suna yi mini kiɗa a hanya. Na tarar da matata 'Yardada tana tankaɗe a tsakar gida. Na ce ta ɗan sammini abin da ya rage a gindin randa in wanke ƙafa. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Orait." Ta ci gaba da tankaɗenta. Shekara ashirin da shida muna tare da matar nan, ban taɓa jin ta yi ko da Fillanci ba, yau ga ta tana yi mini Turanci a cikin gidana.

Shi ya sa na ce bari in zauna in ba ku labarin yadda kalmar nan ta shigo lungunmu, tun da ni ne na fara karɓar baƙuncinta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Jibrin, baduku ne ni, gidana yana wani lungu ta ciki da Ƙofar Wambai. Ina ɗinka takalmi da zabira, amma abin da aka fi sanina da shi guga ne da salka. A ƙofar gidanmu akwai rijiya, ko in ce an yi rijiya. Kakana ne ya haƙa ta, gaba goma sha ɗaya, ruwanta ba zartsi ko kaɗan. Gida tara ke sha daga gare ta. Ko shekarar da aka yi fari rijiyoyin maƙwabta suka ƙafe, tamu ba ta ba mu kunya ba.

Farkon kakar bara, ina zaune a zaure ina jan zare, sai ga baƙi. Bature ne, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Mai Lema don ko inuwa ya shiga ba ya rufe lemarsa, tare da tafintansa Malam Musa. Daga ofishin nan suke mai kula da gyaran gari, wanda ba zan faɗi sunansa ba don ina son in tsufa a ɗakina. Malam Musa kuwa ɗan gari ne, tare muka yi wasan ƙasa, amma tun da ya sa wando mai aljihu huɗu ya daina gane ni sai na yi sallama sau biyu.

Mai Lema ya leƙa rijiyar. Ya ɗauki tsakuwa ya jefa ya kasa kunne. Malam Musa ya matsa kusa da shi yana zuba Turanci, yana nuna rijiyar, yana nuna ɗan ruwan da ya kwanta a gefenta inda mata ke zubar da na wanke-wanke. Bature ya gyaɗa kai ya ce, "Orait."

Ranar na fara jin kalmar. Na ce, "Malam Musa, me ya ce?"

"Ya ce daidai ne."

Wallahi har na ji hawaye. Bature ya taso tun daga bayan teku ya leƙa rijiyar kakana ya ce daidai ce. Na shiga zaure na ɗauko takalmi sabo fil, jan fata, wanda na ɗinka wa kaina don sallah, na ba Malam Musa tukuici. Ya gwada, ya yi masa cif.

Kwana uku sai ga lebura goma sha biyu da jakuna ɗauke da mangaloli cike da ƙasa. Ba su yi wa kowa magana ba suka fara juyewa a rijiya. Na fito ba hula ina ihu. Babbansu ya ce shi dai umarni aka ba shi. Na ruga na sami Malam Musa a bakin ofis yana cin goro.

Na ce, "Kai ba ka ce mini ya ce daidai ne ba?"

Ya ce, "Haka ya ce mana. Na gaya masa rijiyar nan tana tara sauro, ya kamata a cike ta. Ya ce daidai ne."

"To me ya sa ba ka gaya mini abin da ka ce masa ba?"

"Ai abin da ya ce ka tambaye ni. Ba ka tambayi abin da na ce ba."

Yana maganar nan da takalmina a ƙafarsa. Ya ƙara da cewa in kwantar da hankalina, cikin kwana arba'in za a dasa mana famfo a daidai wurin, ruwa ya riƙa zuwa da ƙafarsa, ba guga ba igiya. Ya faɗi "ba guga" ɗin nan yana murmushi, sai ka ce albishir yake yi mini, ni da na ci na sha na yi aure da ɗinkin guga.

Da na dawo an riga an daɓe bakin rijiyar. 'Yardada tana tsaye a bayan ƙyaure tana leƙe. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, da ruwanta aka yi wa 'ya'yana duka wankan suna." Ta juya ciki. Gara a ce kukan ta yi.

Da yamma na tafi wurin maƙwabcina Alhaji Khalifa. Kakanninsa mutanen Tarabulus ne, amma shi nan aka haife shi, fataucin ƙiraga da fatu yake yi, yana kai wa kantunan Turawa na bayan gari, don haka ya tsinci Turanci kamar cikin tafin hannu biyu. Na same shi a daɓe yana shan shayi da Malam Ari, malamin lungunmu, wanda iyayensa suka zo daga Barno tun kafin a haife mu. Na ce Alhaji ya fassara mini kalmar nan da ta cinye mini rijiya.

Alhaji Khalifa ya kurɓi shayi ya ce, "Baduku, kalma biyu ce aka haɗa. Ol, wato duka. Rait, wato daidai. Duka daidai. Amma rait ɗin nan kuma tana nufin hannun dama, na kuma ji wani akawu ya ce tana nufin rubutu."

Na ce, "To wanne ne nawa a ciki?"

"Ba a kalmar ake ganewa ba, a idon mai faɗa ake ganewa. In na kai fata Bature ya ce orait yana kallon fatar, ya saya. In ya faɗa yana kallon agogo, tashi ka ba shi wuri. In ya jera ta biyu, orait orait, ya gaji da kai, kuma ko rabin abin da ka faɗa bai ji ba. Akwai kuma wadda yake ɗaga ƙarshenta sama, orait? Wannan tambaya ce, amma kada ka ruɗu, amsar da yake jira ita ma orait ce."

"In kuma abin ba daidai ba ne fa?"

"Akwai wata 'yar kalma, no. Ita ce a'a. Sai dai ba kasafai ake fito da ita ba, daga sama take saukowa ƙasa, ban taɓa ganin ta hau ba."

Malam Ari, wanda tun ɗazu yake jan carbi yana saurare, ya ce shi a ganinsa kalmar nan asalinta Larabci ce Turawa suka tauna ta. Ara'aita, wato "shin ka gani?" Ya dube ni ya ce, "To, Baduku, shin ka gani?"

Na ce, "Na gani, Malam. Da idona na gani."

Kwana arba'in suka wuce, wasu arba'in suka bi bayansu. Sai a wata na huɗu aka zo da famfo. Kuma tsakani da Allah ba zan ci amanar masu aikin ba, an yi aiki. An zuba masa dakalin siminti mai hawa biyu. An shafa masa koren fenti. Bayan sati biyu wasu suka zo suka kankare koren suka shafa baƙi, wai koren na wani ofishi ne daban. Aka yi masa rumfar kwano don kada rana ta dame shi, alhali ni da na haifi 'ya'ya shida a lungun nan ɗakina har yanzu yoyo yake. Aka kafa allo da rubutun boko. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya yaba. Abu ɗaya kawai aka manta. In ka murɗa kansa sai ya yi ajiyar zuciya irin ta tsohon da ya hau tudu, ya yi shiru.

Na fara sintiri zuwa ofis. A can akwai wani babban akawu da muke kira Sarkin Alƙalami, Allah ya ja zamaninsa, mutumin kirki ne ƙwarai, bai taɓa korata ba. Zan zauna a baranda tun safe har azahar, a ƙarshe a shigar da ni, in durƙusa in ce famfonmu ba ruwa. Zuwan farko ya ce orait yana kallon takarda, na dawo na gaya wa jama'a an saya. Zuwa na biyu ya faɗa yana kallon agogon bango. Na uku ya jera mini ita har uku, abin da ko Alhaji Khalifa bai san fassararsa ba. Akwai ranar da ma bai buɗe baki ba, masinjansa ne ya leƙo baranda ya faɗa a madadinsa, don kada Mai Girma ya wahala.

Kafin damina kalmar ta gama lungu. Shehu wanzami ya yanke ni a ƙeya, jini na zuba, ya danna wurin da babban yatsa ya ce orait. Mai nama in ka ce tsokar nan ta kwana sai ya ce orait ya ƙara maka ƙashi. Har wani ya zo ta'aziyya gidan su Mamman magini, maimakon ya ce Allah ya ji ƙai sai ya dafa kafaɗar mai makoki ya ce orait. Malam Ari ya bi shi har bakin lungu da faɗa. Ni dai abin da na lura shi ne, kalmar ta fi daɗin faɗa a bakin wanda ba shi ne abin ya sama ba.

Ina ba ku labarin nan da raha, amma abin ba na raha ba ne. Famfon unguwar gaba yana da nisa, layinsa kuma kun ji yadda yake. Masu ƙarfi suna zuwa. Gidajen da ba su da mai zuwa suka koma ɗiban ruwan kududdufin bayan lungu, wanda a da ko alwala ba ma yi da shi. Bana da kaka sai ƙurƙunu ya fara fitowa mutane. Gida huɗu cikin tara. Malam Ari, wanda shekara talatin yana jan mu sallah a tsaye, ƙafarsa ta dama ta kumbura kamar turmi, kullum ana naɗe masa tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, yana cije leɓe yana salati.

Ana cikin haka, watan jiya, sai ga Malam Musa ya yi sallama a zaurena. Har ya gane ni tun a sallamar farko, nan na san akwai magana. Ya ce jibi Mai Lema zai kawo manyan baƙi daga nesa su ga yadda aka wadata birni da ruwa, kuma famfonmu aka zaɓa don ya fi kowanne kyan rumfa.

Na ce, "To ai ba ruwa."

Ya ce, "Za a samu."

Aka kuwa samu. Washegari leburori suka zo da wata ƙatuwar ganga ta ƙarfe suka ɗora a kan tudun ƙasa a bayan katangar gidana, suka haƙa rami suka haɗa ta da famfon da guntun bututu, suka rufe, suka kewaye gangar da zana. Aka ce kowane gida ya kawo garwa huɗu daga famfon unguwar gaba a cika ta. Ranar an buɗe mana wancan famfon har la'asar, ba layi, ba kwaɗo. Ashe ana iyawa.

Malam Musa ya ja ni gefe ya ce, "Kai ne mai ƙofar gida, kai za a tsayar. Zai murɗa, ruwa ya zo, ya juyo ya ce maka orait? Kai kuma ka ce orait. Shi ke nan aikinka."

"In na ƙara da 'yar magana fa?"

Ya gyara hularsa ya ce, "Jibrin, rumfarka ta kasuwa tana bakin hanyar da ake shawarar faɗaɗawa. Har yanzu ba a yanke ta wane gefe za a ci ba. Ni ne nake kai takardar."

Ba zan yi muku ƙarya in ce ni jarumi ne ba. Rumfar nan ita ce cina, ita ce shana. Na shiga gida na zauna a bakin ɗaki na gaya wa 'Yardada yadda muka yi. Na ce mata kalma ɗaya ce tak, in na faɗa ba a rage ni da komai ba, kowa ma faɗa yake. Tana tsince shinkafa. Can ta ce, "Malam, kai ne mai gemu, kai ka san abin da ya dace. Ni dai ɗazu Aisa matar Malam Ari ta shigo aron gishiri. Ta ce yau ko zaman sallar bai iya ba, a kishingiɗe ya yi."

Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ranar da aka sa, tun da hantsi aka share lungu aka yayyafa ruwa, ruwan da muke auna wa yara da ludayi. Motoci biyu suka tsaya a bakin hanya don lungun ba ya cin mota. Mai Lema ya shigo da baƙinsa uku, Sarkin Alƙalami yana biye da babbar riga har tana share ƙasa, Malam Musa yana gaba yana buɗe hanya. Jama'a sun cika. An ɗauko Malam Ari an zaunar da shi a kan buzu a gindin katanga, aka ce ya rufe ƙafar da mayafi.

Mai Lema ya hau dakali ya murɗa. Ruwa ya tsinke shar, fari tas. Baƙi suka yi tafi, Sarkin Alƙalami ya fi kowa. Bature ya juyo gare ni, fuskarsa cike da fara'a, ya ɗaga ƙarshenta sama kamar yadda Alhaji Khalifa ya kwatanta.

"Orait?"

Na buɗe baki da niyyar in ba shi abinsa in huta. Sai idona ya faɗa kan Malam Ari, ya tattara mayafi a kan ƙafa yana kallon ƙasa. Abin da ya fito daga bakina Hausa ce. Na ce ranka ya daɗe, a nan da kake tsaye rijiya ce, kakana ya haƙa, gida tara ke sha. Na ce an cike ta shekara guda da wata biyu ke nan, famfon nan kuwa bai taɓa ɗigar da ko hawaye ba sai yau. Na faɗi kududdufi, na faɗi ƙurƙunu, na lissafa gidajen. Na daɗe ina magana.

Da na yi shiru Bature ya dubi Malam Musa. Malam Musa ya ƙame ya yi wata 'yar gajeriyar magana, kalma biyar ko shida. Ban san sauran ba, amma ta tsakiyar na san ta kamar sunana. Duk jawabin nan nawa, orait ya fassara shi.

To a nan ne wahalar shekara guda ta yi mini rana. Da bara ne da na koma gefe ina godiya. Na ɗaga murya na ce, "No orait!"

Lungu ya yi tsit. Har akuyar gidan Mamman ta daina tuƙa.

Na nuna ƙasa na ce, "Rijiya, orait." Na nuna famfo na ce, "Famfo, no orait." Na taka na je na yaye mayafin Malam Ari, Allah ya yafe mini, na nuna ƙafar na ce, "No orait." Iyakar Turancina ke nan, na zazzage shi duka.

Malam Musa ya fara wata magana da sauri, ina jin cewa yake ina da taɓin hankali, don na ga yana nuna kansa da yatsa. Ni kuwa na hau dakali na murɗe famfon har ƙarshe na tsaya na harɗe hannu. Tsofaffin matan lungu, Allah ya saka musu, ba su bari ya zube a banza ba, nan da nan aka jero ƙore da tuluna. Ruwa ya yi ta zuwa. Aka cika na farko, aka cika na biyar, aka cika na goma sha. Sai ya fara sirancewa. Ya koma kamar zare. Ya yi tari sau biyu, ya yi ajiyar zuciyar nan da muka saba ji, ya tsaya.

Mai Lema ya dubi famfo, ya dubi sabuwar ƙasar da aka tona daga gindinsa, ya bi ta da ido har katanga. Ya sauka ya zagaya baya shi kaɗai. Muka ji ƙarar zana, muka ji an ƙwanƙwasa ganga ta amsa da muryar wofi. Da ya dawo kunnuwansa sun yi ja kamar fatar da aka tsamo daga rinin karan dafi. Ya tsaya a gaban Malam Musa da Sarkin Alƙalami ya yi Turanci mai tsawo, na kasa kunne sosai, ko orait ɗaya babu a ciki. Ranar na san ashe harshen nan yana da sauran kalmomi.

Kafin ya tafi ya tsaya a kan Malam Ari ya duba ƙafar, ya daɗe. Ya zaro ɗan littafi ya yi rubutu. Ya dube ni ya faɗi kalmar nan a hankali, ba ya kallon agogo, ba ya kallon takarda, ni yake kallo. Na tambayi Alhaji Khalifa wannan wace iri ce. Ya ce shi ma bai taɓa cin karo da ita ba.

Da na shiga gida 'Yardada ta riga ta ji komai ta bayan ƙyaure. Ta ajiye mini tuwo ta ce, "Ashe ka iya." Ta ƙara mini man shanu a miya, abin da rabona da gani tun sallah.

Yanzu ga yadda ta kaya, don na san abin da kuke jira ke nan. Bayan kwana biyu wani malamin asibiti ya zo ya wanke wa masu ƙurƙunu ƙafa ya ɗaure musu, ya sake dawowa sau biyu. Wannan kam na yaba, ba da gatse ba. Rumfata ba a taɓa ta ba, hanyar ma ba a sake maganarta ba. An zo an ɗauke ganga. Malam Musa an ɗauke shi daga tafinta, muka ce to, gaskiya ta yi halinta, sai muka ji an mai da shi mai duba famfunan wannan sashe na birni gaba ɗaya, har da keke.

Sannan takarda ta zo da sunana, da hatimi. Na kai wa Alhaji Khalifa ya haɗa da wani akawun kanti suka warware ta. Game da ruwa, ta ce ana duba maganar. Game da rijiya, ba ta ce komai ba. Game da ni kuwa, ta ce saboda kishin da na nuna a kan kayan hukuma, an naɗa ni mai kula da famfon lungunmu. Ba albashi, girma ne. Aikina in share dakalinsa, in hana yara hawa, in hana a ɗaure masa akuya, in kuma kai rahoto duk wata cewa yana nan lafiya. Yana nan lafiya kuwa. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi lafiya ba, tun da ba ya aikin komai.

Malam Ari ya fara takawa da sanda. Jumma'ar da ta wuce ya ja mu sallar la'asar a tsaye, raka'a biyu, sauran ya zauna. Da aka sallame ya ce mu tsaya, mu magidanta tara. Alhaji Khalifa ya yi mana wani bayani a kan doka, ya ce shi a iya saninsa an hana haƙa rijiya a bakin hanya, amma ba wanda ya hana baduku haƙa ramin jima, inda ake jeme fata, a cikin gidansa, tun da sana'arsa ce. Mamman magini ya ce shi ma haka ya fahimta. Kowa ya ce haka ya fahimta.

Don haka in ka biyo ta lungunmu ka ga ana fito da ƙasa a kwando daga zaurena, kada ka yi mamaki. Sauran gida takwas ne suke taimaka mini, bi da bi, saboda zumunci. Jiya mun kai gaba takwas. Da la'asar Mamman ya turo wata ƙasa daga ƙasan ramin, baƙa, mai sanyi, tana manne wa hannu. Malam Ari ya karɓa ya murza ya kai hanci ya daɗe yana shinshinawa, sai ya ce a kai wa matan cikin gida su gani. Na ji guɗa ta tashi, na aika a ce su sassauta.

In kuma akwai wani Mai Girma daga ofishin nan da ake karanta wa wannan shafi yana kishingiɗe, Allah ya ƙara masa lafiya, ina so ya sani ramin jima ne. Zurfin kuwa kada ya dame shi. Fatun bana ne dogaye.